Ni da alkama: wata biyar ba burodi, ba Indomie a Gwagwalada

 Rubutun yana da ɗan tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri.

Kafin ka ci gaba, ɗan yi wannan lissafin: daga jiya da safe zuwa yanzu, sau nawa alkama ta shiga cikinka? Kar ka yi saurin cewa ai rabonka da tuwon alkama tun bikin yayarka. Burodin da ka karya da shi alkama ne. Indomie ɗin dare alkama ce. Taliya, makaroni, kuskus, fanke, cincin, biskit, mitfai, fatar shawarma, gurasa, duk fulawa ce, fulawa kuwa alkama ce da aka niƙe aka tankaɗe. Har Semovita da wasunmu suke ɗauka dangin tuwon masara ce, garin alkama ne. Ni da na yi nawa lissafin, sai na ga a rana ɗaya ina cinta sau uku, wata ranar sau huɗu. Na kuma san ba ni kaɗai ba ne, domin da ku muke layi a teburin mai shayi.

Tun simesta ta biyu cikina ya fara ba ni matsala. Idan na karya da safe, kafin a kai rabin lakca cikin ya kumbura ya yi tam kamar ganga, sai na faki ido na sassauta bel. Ga gyatsa, ga ƙugi, yau gudawa gobe kuma a nemi bayan gidan a rasa. Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kaina. Bayan cin abinci sai wani nauyi ya sauko min, in zauna a laburare in karanta shafi ɗaya sau uku ban riƙe komai ba. Wanda yake digiri na biyu ya san me wannan yake nufi. Babi na biyu na firojet ɗina ya kwashe wata uku a wuri guda, sufabaiza ya fara yi min kallon wanda ya zo Abuja yawon buɗe ido, ga kuɗin makaranta da ake haɗo min daga gida da kyar. Idan shekara ta ƙaru, kuɗi ne za su ƙaru, kuma na san daga aljihun wa za su fito.

Kun san yadda abin yake a wurinmu. Duk ciwon da ya faɗo tsakanin ƙirji da mara sunansa ɗaya daga cikin uku: olsa, taifod, ko basir. Na sha maganin olsa, na sha na taifod, wani abokin ɗakina ma ya kawo min jiƙo a gora daga garinsu, ya rantse min dattin ciki ne. Sai in ɗan ji dama kwana biyu, a koma gidan jiya.

Talauci ne ya fara tona asirin abin. Na lura cewa a ƙarshen wata, lokacin da aljihu ya bushe na koma garau-garau da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a nan nake samun lafiya. Cikina lafiya lau, karatu yana shiga. Da zarar an turo kuɗi na koma wurin mai shayi na ce a haɗa min Indomie biyu da ƙwai da rabin burodi, washegari sai ciwo. Wata uku a jere haka. Ranar da nake da kuɗi ita ce ranar da nake rashin lafiya, abin har dariya yake ba ni.

Ashe irin wannan ne ya faru a ƙasar Holan, sai dai nasu ba abin dariya ba ne. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, yunwa ta afka wa ƙasar, burodi ya yi ɓatan dabo. Wani likitan yara mai suna Willem Dicke, wanda dama ya daɗe yana zargin alkama, ya ga yaran da ke fama da wata cutar hanji suna samun sauƙi a daidai lokacin da kowa yake ramewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan haka, daga nan likitoci suka kama bakin zaren.

Na kira wani abokina da muka yi sakandare tare, yanzu likita ne, na zayyana masa komai, na ce daga gobe na bar burodi. Ya ce, “Kai Malam, tsaya tukuna. Kar ka bari sai an ɗebi jininka.” Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a duk rubutun nan, don Allah a riƙe ta. Gwajin da ake yi yana neman sojojin da jiki yake fitarwa ne idan yana faɗa da alkama. Idan ka daina ci sati da sati kafin gwajin, sojojin sun koma bariki, sakamako zai fito fes alhali cutar tana nan. Don haka na ci gaba da cin burodina ina kumbura har ranar da na je asibiti.

Ga abin da likitan da ya duba ni ya fahimtar da ni, na ƙara da ɗan karatun da na yi. A cikin alkama akwai wani furotin da ake kira gulutin. Idan kana son ganinsa da idonka, kwaɓa fulawa ka yi ta wanke ƙullin a ruwa, farin zai tafi ya bar maka wani abu mai danƙo kamar cingam. Shi ne yake sa burodi ya tashi, shi yake sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Akwai shi a sha'ir ma, da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Babu shi a gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali da wake. Mafi yawan mutane suna cinsa har su tsufa bai taɓa yi musu komai ba, don haka ba na zo in ce alkama guba ce ba.

Waɗanda take yi wa illa kashi uku ne. Akwai masu cutar siliyak, ita ce babba. Garkuwar jikinsu ce take juyawa ta far wa ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga, har ta share ƙananan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Mutum yana ci amma jiki ba ya samu: ƙarancin jini, rama, raunin ƙashi, yaro kuma ya ƙi girma. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma tana bin jini, idan wani a gidanku yana da ita, iyayensa da 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya kusan 1 cikin 10 ne haɗarinsu. Ana fara gano ta da gwajin jini mai suna tTG-IgA, sannan a zura kyamara ta baki a ɗebo ɗan naman hanji a tabbatar. Maganinta ɗaya ne, barin gulutin har abada, ko ɓurɓushi. Sai masu borin jini da alkama, su nan take suke ganin ƙuraje ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi. Sai kashi na uku, waɗanda gwaji bai nuna siliyak ba, bai nuna borin jini ba, amma suna ci suna wahala, suna bari suna warkewa. Wannan babu gwajin jinin da yake nuna shi. Sai an kore sauran tukuna, sannan a gwada bari da komawa.

Kuɗin gwajin nan ya kusa cinye cefanena na sati biyu, wallahi sai da na yi jim a gaban kanta. An haɗa da na ƙwayar cutar da ke kawo olsa, wato H. pylori, wadda take da yawa ƙwarai a ƙasar nan, da na yawan jini. Duk suka fito lafiya. Alhamdulillahi, siliyak dai gwajin bai nuna ta ba. Likita ya ce to yanzu aikin ya dawo hannuna: sati shida ba alkama, ina rubuta abin da na ci da yadda na kwana, sannan in koma mata da gangan mu gani.

Ya kuma ja min kunne a kan madara, domin a teburin mai shayi burodi da madara tare suke tafiya, kuma mutane da yawa madarar ce cikinsu ba ya narkarwa, sai su ɗora wa burodi laifi. Don haka na bar madarata yadda take, na cire alkama kaɗai. Mu da aka koya wa dabarun bincike a aji mun san ba a canza abu biyu a lokaci guda. Ban taɓa zaton a cikina zan fara aiki da wannan kos ɗin ba.

Cikin kwana goma kumburin ya sauka. A sati na uku na zauna awa huɗu a laburare ban yi gyangyaɗi ba, na rubuta shafi shida. Da sati shida suka cika na sayi burodi mai zafi na ci kwana uku a jere, a rana ta biyu ganga ta dawo. Na bari, na sake gwadawa bayan wata guda da taliya, haka dai. Likita ya ce alamu sun karkata ga kashi na uku, amma ya ƙi buga hatimi, ya ce a rubuta “mai yiwuwa”, a ci gaba da lura.

Dalilinsa ya burge ni. Masana kansu sun gano cewa a cikin masu cewa gulutin yana damunsu, da yawa ba shi ne mai laifin ba. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi a Oslo ta ƙasar Norwe a kan mutum 59 masu irin wannan ƙorafi. Aka riƙa ba su abinci iri uku ba tare da sun san wanne suke ci ba: ɗaya da gulutin, ɗaya da wani dangin sukari da ke cikin alkama mai suna furuktan, ɗaya ba komai. Furuktan ne ya fi tayar musu da ciki. Shi furuktan hanji ba ya narkar da shi, sai ya gangara ƙasa ƙwayoyin cikin hanji su yi ta ruɓar da shi suna fitar da iska. Kuma akwai shi jingim a albasa da tafarnuwa. Da na duba littafina sai na ga ranar da na ci tsire da albasa tuli, ba burodi ba gurasa, na ɗan ji a jikina. Ko gulutin ne ko furuktan, a aikace dai hanyar ɗaya ce, in rage alkama. Bambancin shi ne ni ɓurɓushi ba zai lalata min hanji ba, mai siliyak kuwa zai lalata masa.

Yanzu bari mu zo kan maganar da na fi ji daga bakinku: “Cutar Turawa ce,” “cutar 'yan Maitama ce,” “Malam ya shiga Abuja ya waye.” Na ji, kuma na yi dariya tare da ku. Amma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa na siliyak da aka taɓa samu a duniya a Afirka aka same shi, cikin Musulmi 'yan gudun hijira. A 1999 wani likita ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka gwada yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin Tinduf a Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin 100, wato ninki biyar na abin da aka saba gani a Turai. Mutane ne da fulawar agaji ta zama babban abincinsu. A wurinmu kuwa, a ganina, ba a neman cutar ne balle a same ta. Wa zai tura yaron da ke gudawa yana ramewa gwajin siliyak, alhali ga tamowa ga tsutsar ciki ga maleriya a gaba? Sai a yi ta ba shi shayi da burodi wai don ya yi ƙwari.

Wahalar farko ita ce gano inda alkama take ɓuya. Ɗanwake na ɗauka nawa ne, tunda asalinsa garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, ashe yawancin na sayarwa yanzu fulawa ce zalla. Wasu masu waina suna zuba fulawa a ƙullin don ya haɗe. Kunun gyaɗa wasu da shinkafa suke yi, wasu da alkama. Mai ƙosai a kasko ɗaya take soya ƙosai da fanke. Lemon malt galibi akwai sha'ir a ciki, sai ka juya gwangwanin ka karanta. Injin niƙa kuwa, wanda ya niƙa alkamar mai ciwon suga shi zai niƙa masararka ba a wanke ba. Wannan na ƙarshen ni bai dame ni sosai ba, amma mai siliyak dole ya kula. Yanzu na zama mai tambaya. “Baba, akwai fulawa a ciki?” Wata mai waina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ɗan nan, saya za ka yi ko NAFDAC ce ta turo ka?”

Wahala ta biyu lokaci. Kar mu yaudari kanmu, ba daɗi ne kaɗai ya sa muke cin Indomie ba, minti biyar ne. Wake kuwa awa guda yake so a kan wuta, gas kuma kun san kuɗinsa. Dabarar da na samu ita ce in jiƙa wake tun dare. Da safe koko da ƙosai, ko dankalin Hausa da ƙwai. Da rana garau-garau, ko doya, wadda Allah ya hore wa yankin nan albarkacin manoman Gbagyi, a kasuwar Gwagwalada ta fi ta cikin gari sauƙi nesa ba kusa ba. Da dare tuwon masara, ko teba, ko dambun shinkafa da zogale. Abin da ya zame min sabon masoyi shi ne acca. Wani ɗan ajinmu daga Filato ne ya koya min: a wanke ta sosai saboda yashi, cikin minti goma ta dahu, a ci da miya kamar kuskus ko a yi fate da ita. Tana da ɗan tsada, amma kwano ɗaya yana jimawa saboda tana kumbura. Kayan da aka rubuta wa “babu gulutin” a manyan kantunan Wuse 2 kuwa, na ɗaga leda ɗaya na ga farashi na ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ba don mu aka kawo su ba, kuma ba ma buƙatarsu. Abu ɗaya da likita ya tuna min shi ne tun 2002 doka ta tilasta ƙara bitamin A a fulawar ƙasar nan, don haka wanda ya bar ta ya nemi nasa a manja, karas, zogale da hanta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne duk abincin da na lissafa ɗin nan shi ne abincin da kakanninmu suka rayu a kai. Alkama muna da ita tun da can, ana nomanta da rani a fadamu, amma abincin alfarma ce: alkaki a gara, funkaso da alkubus ranar sallah ko biki. Cinta kullum sau uku sabon abu ne. Babban injin fulawa na farko a Apapa ya fara aiki ne a 1962. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka rubuta littafi mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama, a kan yadda Najeriya ta saba da burodin da ba ta iya noma alkamarsa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka yi ta noma a Kadawa da Haɗeja, amma a 1992 aka janye haramcin. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje take zuwa, shi ya sa da Rasha ta shiga Yukiren a 2022 muka ji a farashin burodin Gwagwalada. 'Yan tattalin arziki da ke neman taken firojet, ga shi nan kyauta.

Wahala ta uku ita ce mutane, kuma ita ta fi. Teburin mai shayi majalisa ce, a nan ake jin wane malami ne ya dawo daga tafiya, wa aka sa wa ranar difens. Ban daina zuwa ba, shayi da wainar ƙwai nake sa wa a yi min, mai shayin har ya sa min suna Malam Ba-burodi. Gida ne abin ya yi nauyi. Da na je Kano hutu, Umma ta aika aka sayo min gurasar Jakara, aka yi bandashe da ƙuli da man gyaɗa, don ta san tun ina yaro ita ce abin da nake fara nema. Na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Babana, abincin da ka tashi da shi ne yau ya zama cuta?” Ba faɗa take yi ba, tsoro ne, a tunaninta wani babban ciwo nake ɓoye mata. Sai da na kira abokina likita ya yi mata magana da kansa, ya ce, “Umma, ki kwantar da hankalinki, tuwonki ma shi ne maganinsa.” Ranar da zan dawo ta cika min jaka da garin kunu, garin ɗanwake na asali da ta sa aka niƙa a gabanta, da kuka da daddawa. Ƙannena suka cinye gurasar suna yi min addu'ar Allah ya ƙara nisan kwana a kan wannan larura.

A gidan mutane kuwa, idan aka kawo taliya, ba na tsayawa yin lakca. In ce Alhamdulillahi likita ya hana ni fulawa, shi ke nan. Bahaushe yana girmama “likita ya hana” fiye da kowane bayani. Tunda kuma nawa ba siliyak ba ne, idan na ga ƙin ci zai ɓata ran dattijo, nakan ɗan taɓa loma biyu in ɗauki kumburin dare ɗaya. Mai siliyak ba shi da wannan damar, don Allah idan kun haɗu da shi kar ku matsa masa da “ɗan kaɗan ai ba komai.”

Idan kana da irin alamun nan, kar ka ɗauki labarina a matsayin takardar likita. Je a duba ka kana kan cin alkamar. Idan kuma akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko ƙarancin jini, wannan ba maganar canza abinci ba ce, asibiti za ka nufa a satin nan. 'Yan uwa mata da kullum ake ce wa jininsu ya yi ƙasa, ana ba su maganin ƙarin jini ba ya hawa, ku tambayi likita ko ya dace a gwada siliyak, domin wani lokacin ita kaɗai ce alamar.

Babi na biyu da na uku sun wuce, ina kan na huɗu. Wata mai zuwa zan koma wurin likita, yana so mu gwada mayar da alkama kaɗan-kaɗan, yanka ɗaya na burodi a rana, mu ga iya inda cikin zai ɗauka. Na riga na gaya masa idan akwai rabo, da gurasa nake so a fara.